Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Tsara Manhajar Karatu da Shugabannin Ma'aikatun Gona da Ruwa

Masu girma, ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in yi muku magana a kan ƙasar da ake nomawa da ruwan da ake sha, da yadda ake koya wa yara da manya kula da su. Da gangan na haɗa ku a wasiƙa ɗaya, ku na ilimi da ku na gona da ku na ruwa. A ofis kowannenku da ɗakinsa da kasafinsa da taronsa, amma a fili aikin ɗaya ne. Ruwan saman da ya kwashe ƙasar gonar da ke kan tudu shi ne zai je ya cike madatsar ruwa da laka, shi ne kuma wanda rijiya za ta rasa da rani, tunda bai samu ya tsaya ya nutse ba. Yaron da ke zaune a aji yau kuwa shi zai gaji gonar da madatsar da rijiyar gaba ɗaya.

Ban ce ba ku yin komai ba. Kowace shekara ranar 22 ga Maris ana bikin ranar ruwa ta duniya, ranar 5 ga Disamba kuma ta ƙasar noma. Tun a 1977 wakilan ƙasashe suka taru a Tbilisi ƙarƙashin UNESCO suka amince a sa ilimin muhalli a kowane mataki na karatu, a 2021 aka sake jaddada hakan a taron Berlin, har aka sa 2025 a matsayin wa'adin cika alkawarin. Takardu kam an rubuta. Abin da ke damuna shi ne yadda wannan koyarwa take komawa idan ta iso makaranta da ƙauye. A buga riguna da huluna, a jera ɗalibai a rana, babban baƙo ya dasa bishiya ɗaya a gaban masu ɗaukar hoto, a raba sauran dashen, a watse. Rahoto zai ce an dasa dubu kaza. Wa ya koma bayan wata shida ya ƙirga waɗanda suka rayu? A aji kuma yaro ya haddace ire-iren zaizayar ƙasa, ya rubuta a jarrabawa ya ci, ya fito ya tsallake kwazazzabon da ke cin gindin katangar makarantarsu, bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ne abin da ya rubuta ɗazu ba.

Kun fi ni sanin manyan alƙaluma. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kusan kashi 95 cikin 100 na abincin ɗan Adam daga ƙasa yake fitowa, kuma rahotonta na 2015 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar duniya ya riga ya lalace, wani wurin sosai, wani wurin matsakaici. A 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da amintaccen ruwan sha a gidajensu. Duk gaskiya ne. Sai dai ban taɓa jin manomin da ya sake yadda yake jan kunya saboda an karanta masa biliyan ba. Lissafin da ke shiga jikin mutum shi ne na gonarsa da rijiyarsa, kuma wannan lissafin ɗan aji biyar na firamare zai iya yin sa.

Ga misali. Idan ruwa ya kankare milimita ɗaya tak daga fuskar hekta guda, ƙasar da ta tafi ta kai tan 13 ko kusa da haka. Milimita ɗaya ba ta ganuwa da ido. Mai gona zai rantse ba abin da ya taɓa gonarsa, alhali tan 13 na ƙasar sama, wadda ta fi kowace albarka, ya bi ruwa. Kamar ɓarawon da ke ɗiban hatsi a rumbu tafi ɗaya kullum ne, sai rumbu ya yi ƙasa ake farga. Ƙasar da ta tafi kuwa ba ta dawowa a rayuwar wanda ya rasa ta, don santimita biyu zuwa uku na iya cin shekara dubu kafin su haɗu. A kafa ƙarfe a gangare, a yi masa alama daidai fuskar ƙasa kafin damina, yara su dawo da rula bayan damina su auna. Wannan darasi ne na lissafi, na kimiyya, na noma, kuma kuɗinsa bai wuce na ƙarfen ba.

Haka ruwa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Makarantar da rufinta ya kai murabba'in mita 100, a wurin da ake samun milimita 600 a shekara, lita 60,000 ke sauka a kanta. Ina wannan ruwa yake zuwa? Yaran da suka yi wannan lissafi da hannunsu, da gwangwanin awon ruwa da suka kafa a filin makaranta, su za su fara tambayar hedimasta me ya sa indararo ke zuba a ƙasa yana haƙa rami, su kuma suna zuwa da ruwan sha daga gida. A yanka robobi uku a tsaye a cika su da ƙasa iri ɗaya: ɗaya tsirara, ɗaya a rufe ta da busasshen ganye, ɗaya mai ciyawa a tsire. A karkata su, a zuba musu ruwa daidai wa daida, a tara abin da ya tsiyayo a kofi. Na farko zai fito jawur da laka, na ƙarshe kusan garau. Bayan wannan malami ba ya bukatar dogon bayani a kan illar ƙona karmami da share gona tas. A zuba ƙasa a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye, yashi ya kwanta a ƙasa, laka a tsakiya, yumɓu a sama, kowane yaro ya san irin ƙasar da ya zo da ita da yadda take riƙe ruwa. A ɗaure sanduna uku su yi siffar harafin A, a rataya dutse da igiya a tsakiya, an samu abin gano layin da ya yi daidai a jikin gangare, inda za a ja kunya ko a jera duwatsu don ruwa ya rage gudu. Gani ya kori ji.

Wannan hanya ba tawa ba ce, kuma an gwada ta da manya tun kafin yara. A Indunisiya, wani ƙwaro mai tsotse shinkafa ya addabi manoma, aka yi ta feshi, abin na ƙaruwa. Daga baya aka gane feshin ne ke kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye shi. A 1986 gwamnati ta haramta magunguna 57 a gonakin shinkafa, amma doka ba ta cire tsoro daga zuciyar manomi. Sai a 1989 aka fara makarantar manoma ta cikin gona tare da FAO. Mutum kamar 25 su haɗu sau ɗaya a mako tun daga shuka har girbi, su raba fili biyu, ɗaya a yi yadda aka saba, ɗaya a gwada sabon abu, su duba da idonsu, su zana abin da suka gani, su yi gardama. Malamin gona ba ya wa'azi, tambaya yake jefawa. Yau ana irin wannan makaranta a ƙasashe sama da 90, kuma ta wuce maganar ƙwari ta shiga taki da ban ruwa da kiwo.

A jihar Andhra Pradesh ta Indiya an yi irin wannan da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A ƙauyuka sama da 600 aka koya wa manoma, har da waɗanda ba su yi karatu ba, auna zurfin ruwa a rijiyoyin burtsatse da auna ruwan sama. Ana rubuta sakamakon a allo a tsakiyar ƙauye. Kafin noman rani a zauna a lissafa: ga abin da ya shiga ƙasa bana, ga abin da amfanin da muke shirin shukawa zai sha. Idan lissafi bai fita ba, mutane da kansu suke rage shinkafa su koma abin da ba ya shan ruwa da yawa. Amma ga inda nake so ku tsaya, masu girma. Masu binciken da suka koma bayan aikin ya ƙare sun tarar a wurare da dama an daina awon. Kuɗin aiki ya ƙare, ma'aikata sun tafi, allo ya dushe. Haka ayyukan shekara uku da shekara biyar suke, duk kyansu. Makaranta kuwa tana nan bara, tana nan bana, kowace shekara da sababbin yara. Littafin da ɗaliban makaranta ɗaya suka rubuta zurfin rijiyar garinsu a ciki duk wata, shekara ashirin a jere, ya fi rahoton ƙwararren da ya zo ya kwana biyu ya tafi, kuma ma'aikatar ruwa ita ce za ta fara cin moriyarsa. Shirin GLOBE na koya wa ɗalibai awon muhalli, wanda aka fara a 1995, ya nuna ɗalibai a ƙasashe sama da 100 na iya auna ƙasa da ruwa bisa ƙa'ida har masana su yi aiki da abin da suka tara.

Sai maganar tsabtar ruwa, wadda ita ce ta fi gaggawa don ita ke kisa nan take. Mutane da yawa, har da masu digiri, sun ɗauka duk ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa mai tsabta ne. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa a Landan. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya sa su a taswira, ya ga sun kewaye famfon rijiya ɗaya a titin Broad. Da aka tona sai aka tarar bai kai mita ɗaya ba tsakanin rijiyar da wani ramin masai. Kada a ce wannan tsohon labari ne. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na Kanada, ruwan sama mai yawa ya wanke kashin shanu daga wata gona ya shiga rijiyar gari, mutum 7 suka mutu, sama da 2,000 suka kwanta. Ƙa'idar da masu aikin ruwa suka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. A ba yara igiya mai mita 30, su zana taswirar unguwarsu: ga rijiyoyi, ga masai, ga juji, ga inda ake wanke tankin feshi, ga inda bakanike ke zubar da baƙin mai. Na tabbata taswirar za ta ta da hankalin iyaye fiye da kowace fasta da kuka taɓa bugawa.

A nan kada a manta da 'yan mata. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna a gidaje 7 cikin 10 da ba su da ruwa a cikin gida, mata da 'yan mata ne ke ɗebowa. Su suka san rijiyar da ke fara ƙafewa, da wadda ɗanɗanonta ya sauya, da watan da layi ke tsawo. Abin mamaki, idan an zo kafa kwamitin ruwa ko koyar da gyaran famfo sai a tara maza.

Akwai wani kuskure da hukumomi ke yawan faɗawa, wato ɗaukar jama'a a matsayin masu ɓarna da sai an tilasta musu. A Kenya zamanin mulkin mallaka, Turawa sun ga zaizaya na cin tsaunuka suka wajabta haƙa matakala a gonaki, wato daddatsa gangare hawa-hawa don ya tare ruwa, aikin tilas, wanda ya ƙi a ci shi tara. Dabarar ba ta da laifi, amma mutane suka tsane ta, har matan Murang'a suka yi bore a kanta a ƙarshen shekarun 1940. A Machakos kuma, daga baya, manoma da kansu suka dinga yin matakalar nan, da suka ga gonar tasu ce kuma akwai kasuwar da za su kai abin da suka noma. Tsakanin 1930 da 1990 yawan jama'ar yankin ya ninka kusan sau biyar, zaizaya kuwa ta ragu. Amurka ma ta wannan ƙofar ta bi. Bayan guguwar ƙura ta 14 ga Afrilun 1935, wadda ta mai da rana dare a filayen da aka kwashe wa ciyawa aka noma alkama, an kafa hukumar kare ƙasar noma ƙarƙashin Hugh Bennett. Ba a daɗe ba suka gane ma'aikacin gwamnati ba zai gyara gonar wani ba. Daga 1937 aka fara kafa gundumomin kula da ƙasa waɗanda manoman wurin ke jagoranta, aka yi gonakin gwaji inda maƙwabci zai leƙo ya gani. Gundumomin nan kusan 3,000 suna nan har yau.

A Nijar an yi shekaru ana dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa. A bar toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a datse sauran, cikin 'yan shekaru an samu bishiya. Koyarwar ba ta wuce wuƙa da yini ɗaya ba. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne manomi ya yarda bishiyar da ya raina tasa ce, ba za a zo a ci shi tara ran da ya sare reshe ba. Da wannan ya tabbata, abin ya yaɗu daga gona zuwa gona har ya kai hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Ku na ma'aikatar gona ku duba dokokinku da kyau: mai aron gona na shekara ɗaya, wanda bai san ko baɗi shi zai noma ta ba, duk darasin da za a yi masa ba zai jera dutse ko ya zuba taki don wani ya ci ba.

Kuma wa ya ce malami sai mai takardar shaida? Marigayi Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga a Burkina Faso bai yi boko ba. Ya ɗauki tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a fako, ya faɗaɗa su, ya zuba taki a ciki tun da rani. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya samu hanyar nutsewa. An yi masa dariya da farko. Daga baya ya dinga tara manoma sau biyu a shekara suna musayar iri da dabaru, a 2018 kuma aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Kusan kowane yanki na duniya yana da irinsa, dattijo ko dattijuwar da gonarsu ke kore lokacin da ta maƙwabta ta bushe. Tsarinku na yanzu bai ba hedimasta damar ya gayyato irin wannan mutum ya koyar, a biya shi ko da kuɗin mota ba. Wannan gyara ne da takarda ɗaya daga ofishinku za ta yi.

Wata magana kuma mai ɗaci. Muna koya wa yara su rufe famfo idan suna goge baki, kuma yana da kyau. Amma kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa noma ne ke shanye shi. Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya a 1960 ya kai murabba'in kilomita 68,000, shi ne tafki na huɗu a girma a duniya. Masu tsara tattalin arzikin Tarayyar Sobiyet ne suka karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga, yau jiragen kamun kifi na kwance a kan yashi a garin Moynaq, wanda a da yake bakin tekun. Ba yara suka yi wannan ba, masu ofis ne. Idan za a koyar da gaskiya, sai matashi ya san wa ke ba da lasisin haƙa rijiyar burtsatse, wa ya halatta kwasar yashi a kogi, ina masana'anta ke zubar da dagwalonta, me doka ta ce, kuma ofishin wa ake kai ƙara. Na san wannan sashe ba zai yi wa wasunku daɗi ba, don wata rana yaran da kuka koyar ku za su zo su tambaya. Amma matasa ba wawaye ba ne. Idan suka ga ana yi musu wa'azin kofi ɗaya alhali bututun gwamnati ya fashe yana kwarara wata da watanni, sun daina saurare ke nan.

Su kuma jama'a idan aka gaya musu gaskiya suna yin abin mamaki. Lokacin da fari ya kusa ƙafar da famfunan birnin Cape Town a 2018, hukuma ta dinga bayyana yawan ruwan da ya rage a madatsai duk mako, aka ƙayyade lita 50 ga kowane mutum a rana. Birnin ya rage shan ruwansa da fiye da rabi idan aka kwatanta da kafin farin, ranar rufe famfunan da ake tsoro ba ta zo ba. Sakamakon gwajin ruwa da na ƙasa da ke kulle a durowar ma'aikatunku kayan koyarwa ne. Ku fito da su, cikin harshen da mutanen wurin ke ji, a kafe a makaranta da kasuwa, a karanta a rediyo.

Ku na ilimi kun san abin da ba ya fitowa a jarrabawa ba a koyar da shi, ko an sa a jadawali lokacinsa ne na farko da za a ara wa lissafi. Don haka ina roƙon a ba aikin fili maki na gaske a sakamakon ƙarshe: littafin awo, taswirar rijiyoyi, filin gwaji. Ba na neman sabon darasi a kan manhajar da ta riga ta yi wa yara nauyi, a saka shi cikin lissafi da kimiyya da labarin ƙasa da ake da su. A fara daga kwalejojin horon malamai, don malamin da bai taɓa girgiza ƙasa a kwalba ba ba zai sa yara su yi ba. Ku na gona da ruwa kuma, kowane malamin gona da kowane jami'in ruwa a haɗa shi da makarantu sanannu da zai riƙa zuwa a kowane zango, a rubuta hakan cikin aikinsa, a ba shi abin hawa da mai. Kuɗin riguna da huluna da rumfunan biki na shekara ɗaya zai sayi ma'aunin ruwan sama da igiyar awo da kayan gwajin ruwa na makarantu masu yawa.

Rahoton da za ku karɓa daga yanzu kuma, kada ya tsaya a yawan waɗanda suka halarci taro da yawan dashen da aka raba. Ku nemi a rubuto muku bishiya nawa ta kai shekara uku, rijiya nawa aka gwada aka gyara, kwazazzabo nawa ya daina ci, makaranta nawa ke da littafin awon da ba a tsallake wata ko ɗaya ba. Wanda ya kawo wannan rahoto a ƙara masa kuɗi baɗi.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta